Wa Ke Rage Wa Bindigar Ƙarfi?

Bindigar iska ce, irin wadda ake ɗura wa iska da famfon hannu mai kama da na keke, sai dai shi wannan famfon ƙato ma sai ya haɗa gumi kafin ya cika ta. Ni da mijin yayata muka haɗa hannu muka saye ta a kasuwar Gadarif, saboda kurciyoyi da hasbiyoyin da ke sauka kan riɗinmu idan an yanke shi an jingina ya bushe. Gonakinmu suna kan hanyar Ƙala'at an-Nahal, tsakanin tawa da tasa tafiyar rabin awa a ƙafa. Sharaɗinmu ɗaya ne: kwana uku a wurina, kwana uku a wurinsa.

Agogo biyu ne a jikinta. Ɗaya na nuna iskar da ta rage a cikin tulun bindigar, ɗayan kuma na wani ɗan ƙarfe ne da ke ciki, wanda mai shagon ya ce sunansa munazzim, shi ke auna wa kowane harbi rabonsa na iska. Ta baya akwai sukurun da ke matse sifirin ɗin gudumar da ke buɗe wa iskar hanya. Tun a shago na sa aka ɗaga munazzim ya kai ɗari da hamsin, aka matse sifirin har ƙarshe. Mu da muka taso da labarin bindigar toka ta kakanninmu, a wurinmu bindigar da ba ta tsawa ba bindiga ba ce. Idan na harba, har 'yan yankan riɗi na gonar maƙwabta sukan ɗago kai. Harbi talatin sai a koma famfo, amma ko a jikina.

A mako na uku bindigar ta dawo mini da wata murya daban. Na auna kurciya na ja kunama, sai na ji tuf, kamar an buɗe kwalbar lemo. Kurciyar dai ta faɗi, amma ban ko kalle ta ba, agogon munazzim na duba. Allurar tana kan ɗari da goma.

Ni mutum ne mai saurin zargi, na san halina, matata ma ba ta gajiya da tuna mini. Na fara da mai shago, na ce tsohon kaya ya goge ya sayar mana. Da na sa ɗan makulli na ɗaga munazzim ya koma inda yake ya zauna daram kwana uku, sai na wanke mai shago. Na kai wa mijin yayata ita, ta dawo a ɗari da goma, sifirin ma an sassauta shi. Nan na tuna yana da wani aboki mutumin Basunda mai irin bindigar sak. Na ce shi ke nan, musanya kayan ciki suke yi, suna cire mai kyau suna sa mini gajiyayye.

Ban tambaye shi ba. Tsakanina da shi akwai wasa irin na ƙanin mata, da na tambaya da dariya zai kashe maganar. Sai na samo ƙaro na jiƙa, na ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane sukuru, na bari ya bushe. Bayan kwana uku na karɓo ta, na fita cikin rana na duba. Ƙaron yana nan, amma ba nawa ba ne. Nawa ja-ja ne, wannan fari ne tas, kuma an ɗiga shi da kyau fiye da yadda na yi. Ashe ya ga tarkon, ya tsallake, ya kuma gyara mini shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na kai ƙara wurin yayata. Tana tankaɗen garin dawa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in kawo abin da idona ya gani, ba abin da zuciyata ta saƙa mini ba. Na rantse mata idan na kama shi, tarayyar ta mutu, kuma ƙafata ba za ta sake taka gidansu ba. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta san ba na rantsuwa a banza. Ta ajiye rariyar ta dube ni.

Ranar da na kai masa bindigar da safe, na yi kamar na tafi, na zagayo ta bayan gonar na laɓe a cikin jingen riɗi. Yana zaune a rumfarsa. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya saki iskar tulun gaba ɗaya, iskar da na sha wahalar ɗurawa, ina ji tana fita fuuu. Ya juya wani abu da makulli a hankali, ya juya na baya ma. Ban ga ya ciro komai ba, ban ga ya sa komai ba, amma na ce ai ba kullum ɓarawo ke ɗauka ba. Sannan ya kama famfo. Ya danna sau goma ya tsaya, ya dafa sandar rumfa. Ya ƙara goma ya zauna. Na ce a raina, ga cin amana ga lalaci. Na fito.

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, mai laɓe ba ya sa farar jallabiya. Tun ɗazu nake ganinka. Zo ka ƙarasa famfon nan."

Na faɗa masa duk abin da ke cikina, har da abokinsa na Basunda. Ya bari na gama tas. Sai ya jawo wani guntun katakon ƙofa mai ramuka a jiki, ya ce in kai shi taku talatin in jingina. Na cika bindigar da kaina don kada ya yi mini wata dabara. Ya harba sau uku. Ya zaro tsinken tsintsiya ya zura a sabon rami ya riƙe da farce, sannan ya zura a wani tsoho da ya ce da saitina ya harba shi. Bambancin bai kai tsawon ƙwayar dawa ba.

Ya yi mini bayani kamar mai koya wa ɗansa alwala. Wai idan gudumar ta yi duka da ƙarfi fiye da kima, hanyar iskar takan daɗe a buɗe, harsashin dalmar ya riga ya fita amma iska na ta bin bayansa a banza, ita ce tsawar da nake alfahari da ita. Shi ya sa yake sauke munazzim kaɗan, ya riƙa sassauta sifirin kwata-kwata yana gwadawa a katako, har ya kai inda in ya ƙara sassautawa ramin zai fara raguwa, sai ya tsaya nan. Ya ce tsawata kurciya ɗaya take kashewa ta kori ɗari su koma ɗaya gefen gonar, tasa kuwa ta biyu ma ba ta sanin ta farko ta faɗi.

Ban yarda ba. Na zauna na riƙa harbin katakon ina ƙirgawa, ina jiran in kunyata shi. Sai da na wuce sittin kafin allurar tulun ta sauko ta tarar da ta munazzim.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce to in gaskiya ce da shi, me ya sa yake yi a ɓoye, har da sake ɗiga ƙaro?

Ya dubi famfon. Ya ce, "Da na faɗa maka, sai ka tambaye ni me zan yi da harbi sittin. Famfon nan ya fi ƙarfina yanzu. Likita a Gadarif ya ce zuciya ce. Yayarka ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba sai an kakkaɓe riɗin nan an kai gida. Halas, magana ta ƙare."

Wallahi ko wannan ma sai da na auna shi. Na zuba masa ido ina neman inda ƙaryar take. Sai na ga leɓɓansa sun yi toka-toka, ƙafafunsa sun kumbura har fatar takalmin ta nutse a ciki. Na ɗauki famfon na sake cika bindigar har wuya.

Da yamma na biya ta gidansu, yayata ta tare ni a bakin ƙofa ta ce me idon nawa ya gani. Na ce ba komai, ni ne na yi kuskure, bindigar lafiyarta ƙalau. Ta ce tun da ta goye ni ba ta taɓa jin na ce na yi kuskure ba.

Daga ranar ni yayata ta sa wa ido. Na bar saitin a ɗari da goma, kuma duk ranar da zan kai masa sai na cika tulun a gida, kashegari ma in ƙirƙiro dalilin da zai kai ni gonarsa da hantsi in ƙara masa iska. Ran nan na zo wucewa, famfon na rataye a kafaɗata, ta sha gabana. Ta dubi famfon, ta dube ni.

Ta ce, "Kai da ko tulun ruwa ba ka taɓa ɗaukar masa ba. Faɗa mini, me ya sami mijina?"