Baba Kawo-nan da Irin Tumatirinsa

Masu koyon aikin lambu ne suka laƙaba masa Baba Kawo-nan, kuma sunan ya bi shi har gida. Shekara da shekaru yana karɓar mutane a lambunsa na bakin rafi, daga wanda tuƙi ya ishe shi har bazawarar da ke neman abin riƙe 'ya'ya. Ya koya musu ban-ruwa da dashe da zuba taki, bai taɓa rowa ba. Amma da mutum ya doshi wurin renon iri, sai ka ji, "Kawo nan, za ka ɓata min!" Ba mugunta ba ce, gajen haƙuri ne kawai.

Irin tumatirin nan na mahaifinsa ne, mai kauri, wanda ba ya saurin ruɓewa. A wata tsohuwar kwalba yake adana shi. Matarsa kan ce ko ita ba ta samun irin kulawar da kwalbar ke samu. Duk wanda ya yaye ya buɗe nasa lambun, wurin Baba yake dawowa karɓar dashe.

Ana gab da zuba iri, ɓarin jikin Baba ya shanye. Tsofaffin ɗalibansa suka taru, wanda ake kira Direba a gaba, shi ne mafi daɗewa a hannunsa. Suka juye kwalbar kaf a wurin renon iri, suka kafa rumfa kamar yadda suka saba hangowa daga nesa. Safe da yamma suna ba irin ruwa, suna lallaɓa shi kamar jariri. Iri ya tashi kore shar, har Direba ya ɗauki hoto ya kai wa Baba asibiti.

Abin da ba su sani ba, idan dashe ya matso Baba yakan riƙa zare ciyawar rumfar kaɗan-kaɗan, ya rage ruwa, don shukar ta saba da rana. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, hannunsa ne kawai ke yi.

Suka cire daga inuwa suka dasa a fili. Kafin mako ya zagayo rana ta kwantar da shi duka, ko ɗaya bai tashi ba.

Da aka sallamo Baba, ya matsa sai an kai shi lambu. Aka zaunar da shi a kan buhu, ya daɗe yana kallon busassun layukan. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wa ya ce ku bar rumfar har ranar dashe?" ya tambaya, harshensa na nauyi.

Direba ya durƙusa. "Baba, wa ya ce mu cire?"

Baba ya kawar da kai. Can ya hango kwalbar a hannun Direba, sai bakinsa ya riga shi: "Kawo nan." Direba ya ɗora masa a cinya, hannun Baba ya kasa ɗagowa ya riƙe ta. Babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.