Fiton Inna

Ranar da na ɗauko Inna daga Gangare zuwa gidana a Gada Biyu, duk a cikin Jos, ba ziyara na kawo ta ba, yaƙi na kawo ta ta taya ni. 'Yata ta fari ta gama sakandare, ta kafe kai da fata sai ta tafi Legas ta koyi zanen katun, irin wanda ake yi da kwamfuta ya riƙa motsi yana magana. Mahaifinta ya zame, ya ce duk abin da muka yanke daidai ne. Ni kuwa na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba inda za ta. Gaskiyar magana ba zanen na tsana ba, rabuwa da ita ce ba na so, amma ban ga dalilin faɗa wa yarinya haka ba. Sai na ce mu kai maganar gaban kakarta, abin da ta yanke shi ke nan. Na san uwata. Mace ce da ko dariya muka cika yi sai ta ce mu yi istigfari.

Inna ta zauna a kan darduma da carbinta, ta lulluɓa da mayafin sanyi. Na zayyana mata komai, har da gishiri. Yarinyar ta ce, "Momi, ki bari Hajiya ta ga abin da idonta mana, kafin ta yanke." Na ce a kunna. A raina na ce ta haƙa wa kanta rami.

Wani katun ne mai dogon zango da ta fi so, na wasu mutum-mutumin ƙarfe da ke yawo da kumbo tsakanin taurari. A kashin da ta kunna, ɗayansu ya sauka a wani gari mai titi ɗaya tal, ƙasar ja wur. Ya tura wata 'yar ƙofa mai fuka-fuki biyu ya shiga, kowa a ɗakin da ya shiga ya yi tsit. Can sai ga shi a tsakiyar titi, wani mai baƙar malafa ya tsaya nesa yana fuskantarsa. Aka cika allon da idanunsu, aka nuna yatsu suna rawa kusa da bindiga. Wani dunƙulen wayar ƙarfe ya gangaro ya wuce tsakaninsu.

"A da ciyawa ce take wucewa," in ji Inna.

Na juya na dube ta. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Mai baƙar hular nan shi zai fara zarowa, kuma shi zai faɗi. Amma sai an gama busa tukuna."

Kafin in buɗe baki, sai uwata ta tsuke leɓe ta yi fito. Fito sosai, siriri, mai hawa da sauka, kuma kiɗan da ke cikin talabijin ya biyo ta a baya kamar ita ta koya masa. Wallahi sai da na dafa bango. Wannan matar ta taɓa fasa mini leɓe ina ƙarama saboda ta ji ina fito a tsakar gida, ta ce mace ba ta fito, aljanu ake kira da shi. Mai baƙar malafa ya zaro bindiga, ya faɗi tim, ni kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Yarinyar ta yi tsalle. "Hajiya! Ai da gangan suka yi shi, tsofaffin finafinan kaboyi suke kwaikwayo. Ni a intanet na karanta. Ke a ina kika sani?"

"Ke karantawa kika yi, ƙawata. Ni na gani."

Na ce, "Inna, a ina?"

Ta ce a siliman da ba shi da rufi, cikin gari, farkon aurensu. Marigayi Baba, wanda na tashi na sani yana kiran salla a masallacin unguwa, shi yake sa mata tsohuwar rigarsa da hula, ya naɗe mata fuska da mayafi, ya goya ta a keke. Sanyin Jos ya rufa musu asiri, don kowa a naɗe yake zuwa. Wani Ibo mai yagar tikiti kullum sai ya ce, "Oga, wannan ƙanenka ba ya magana ne?" Baba ya ce kurma ne. Tana faɗa tana dariya har da share ƙwalla, ni ko ina tsaye baki buɗe kamar an ce mini gidanmu ba namu ba ne.

Da mamakin ya ɗan lafa sai haushi ya taso mini. Na ce, "To ni da kika fasa wa leɓe fa?"

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Wannan busar kika yi ranar, ba wata ba. A bayana kika koye ta, da ita nake lallashinki in na kulle ɗaki. Kakarki tana zaune a tsakar gidan, da ta tambayi inda kika samo ta, me zan ce?" Ta dube ni. "Na haɗiye nawa, na sa kin haɗiye naki. Ya isa haka. Ki bar yarinyar nan ta tafi."

Na ce Legas da nisa. Na ce yarinya ce. Daga ƙarshe sai na faɗi gaskiya, na ce ba zan iya zaman gidan nan babu ita ba.

"Za ki iya," in ji Inna. "Ni ma na iya da kika tafi."

Ni na kawo alƙali da kaina, ba ni da bakin ɗaukaka ƙara. Na shiga ɗaki na jawo babban akwatina daga ƙarƙashin gado, na juye kayan ciki a kan katifa don yarinyar ta zuba nata. Na daɗe ina goge shi, alhali ba wata ƙura a jikinsa, don ba na so in fito su ga idona.