Kwana sittin a tagar Leokadia

Shekara ashirin da shida Pani (wato Malama) Leokadia Mazgaj ta yi a ɗaki mai duhu a masana'antar kwalaben talabijin ta garinmu, can gabas da Warsaw. Kwalba ita ce ƙaton gilashin nan da hoto ke fitowa a fuskarsa, kuma aikin Leokadia shi ne dubawa. A turo mata ɗaya, ta kunna, ta ƙura mata ido, ta ce wannan ta wuce ko wannan a mayar. Ta shigo aikin tana 'yar ƙauye wadda ba ta taɓa zama gaban talabijin ba, ta fita da tabarau mai kauri kamar gindin kofi. A 1991 aka sallame su, mutum ɗari huɗu rana ɗaya, aka miƙa wa kowa takardar godiya da fure ƙwaya ɗaya. Wasu suka koma gida suka kwanta. Ita kuwa ko mako ba ta yi ba ta kama wani ɗan shago tsakanin kantin burodi da tashar bas, ta rubuta da hannunta cewa ana gyaran talabijin.

Mace ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma iya lallashin mai kaya ba. In talabijin ɗinka ta mutu za ta ce maka ta mutu, ba za ta tsaya tana tausaya maka ba. Mijinta Teofil, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yakan ce shekara talatin yana jiran ranar da ita ma za a ce a mayar da ita masana'anta.

Ana nan sai gem, wasan nan da ake haɗawa da talabijin, ya shigo gari. 'Yan kasuwa suka baza shi a kan gadajen ninkewa a kasuwar Asabar: ɗan akwati fari-fari, hannun dannawa biyu, da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa dubu a jiki, alhali in ka ƙirga tsakani da Allah shida ne. A shekara guda babu benen da za ka hau ba ka ji wannan ƙarar tit-tit ba. A bayansa kuma magana ta biyo, wai gem yana cin kwalba. Ba wanda ya san inda ta fito, amma kowa yana da ƙanwar maƙwabciya da abin ya faru a gidanta.

Wanda ya ba maganar ƙafa shi ne Pan (wato Malam) Zenon Kuropatwa, ɗaya mai gyaran, mai babban shago da mota. Da ya shiga gidan mai kaya, kafin ya ajiye jaka, zai tambaya ko akwai gem. In aka ce akwai, sai ya girgiza kai ya ja dogon numfashi, shi ke nan an gama bincike. Ban ce mugunta ce ba. Ni dai ina ganin ya sami amsar da ba ta buƙatar sunkuyawa ne, ga shi iyaye suna son jin ta. Aka dinga kulle gem a kabad, ana jan kunnen yara.

Kada ka ɗauka Leokadia tana son gem. Ƙararsa tana sa mata ciwon kai, ta kuma ce wanda ya ƙirƙiro shi bai da aikin yi. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne a yi wa kwalba ƙarya a gabanta. Wata safiya a layin burodi ta ji mata suna maganar, ta ce musu babu ƙamshin gaskiya a ciki. Ashe Zenon yana bayanta da jakarsa. Ya yi murmushi, ya ce da ita cikin ladabin nan da ya fi zagi ciwo:

"Pani Leokadia, ke fa kallo aka koya miki a masana'anta. Gyara kuma namu ne."

Layin ya fashe da dariya. Daga ranar aiki ya fara janyewa daga shagonta, don wa zai kai talabijin wajen matar da ba ta san abin da kowa ya sani ba? Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta ɓoye ba. An karɓe mata masana'anta, yanzu kuma ana so a ce shekarun da ta yi a cikinta ba su koya mata komai ba.

Ranar ɗaya ga Satumba ta sa Teofil ya kinkimo talabijin ɗinsu mai kala, ita kaɗai suke da ita, ya dire ta a tagar shago tana fuskantar titi. Ya yi ta ƙunƙuni a hanya, yana tambayar a ina zai kalli ƙwallo, ta ce ya je gidan ƙanensa. Ta sayo gem a kasuwa ta haɗa. Sannan ta manna takarda a gilashi: gem zai yi aiki a wannan talabijin daga takwas na safe zuwa shida na yamma, kwana sittin, har da Lahadi bayan coci. In kwalbar ta lalace, za ta sauke allon shagonta ta bar sana'ar.

Akwai wani abu da ta sani wanda masu dariya ba su sani ba, ba ta kuma ɓoye shi ba, ta rubuta a ƙasan takardar. Hoton da ya tsaya cak a wuri ɗaya sa'o'i masu yawa yana iya barin inuwa a kwalba, ko na gem ne ko na gidan talabijin. Wato ba za a kunna a tafi a bar shi ba, dole wani ya riƙa bugawa, a kuma canza wasa duk bayan sa'a. To wa zai buga? Yara suna makaranta har ƙarfe biyu.

Haka matar nan mai shekara hamsin da biyu ta zauna a kujerar katako, fuska a murtuke kamar an aiko mata da saƙon mutuwa, tana tuƙa ɗan tankin yaƙi tsakanin bulo. Kwanakin farko abin tausayi ne. Kan ka ce kwabo an kashe ta, ta yi tsaki, ta sake. Babban yatsanta ya yi bororo, ta naɗe shi da filasta ta ci gaba. Masu jiran bas suka sami abin kallo kyauta, wasu har ƙwanƙwasa gilashi suke suna nuna mata inda za ta bi, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da su. Kowace yamma ta fito da alli ta ja layi ɗaya a jikin ƙofa.

Teofil ya yi mako guda yana fushi, sannan ya fara kawo mata miyar kabeji a fulas, wai ya riƙe mata hannun gem ɗin kafin ta ci. Riƙewar nan ta zama sa'a biyu. Ya jawo abokansa 'yan fansho guda biyu, suka raba lokaci kamar yadda suka saba a tashar jirgi, har da rubuta wa zai karɓi wa. In ta ce ya tashi haka, sai ya kira ta da sunanta na gida ya ce, "Lodzia, bari in gama da wannan ɗan banzan tukuna." Da rana yara su yi layi har bakin kantin burodi, sai ta sami hannu ta taɓa ɗan aikin da ya rage mata, wanda bai taka kara ya karya ba.

Rana ta arba'in da ɗaya, wajen sha ɗaya na safe, titi cike da masu jiran bas da masu sayen burodi, hoton ya tsuke gaba ɗaya ya koma layi guda fari mai haske a tsakiyar gilashi. Leokadia ta yi tsalle ta kashe talabijin ɗin, don ta san layin nan in ya daɗe shi ne zai ƙona kwalbar da gaske. Mutanen waje kuwa suka ce ga shi nan, tana ɓoyewa. Kafin Teofil ya miƙe an cika ƙofa, wani ya ruga ya kira Zenon.

Ta ji tsoro, wannan ita da kanta ta faɗa daga baya. Tana zargin inda matsalar take, amma zargi daban, gani daban, ga shi ta yi alkawari a rubuce. Ta ce da Teofil ya fito da tebur waje. A kan titi, gaban kowa, ta kwance bayan talabijin ɗin, sai dai ba ta taɓa komai ba, ta rungume hannu tana jira. Da Zenon ya iso, ta ce:

"Pan Zenon, ni kallo na iya. Ɗauko na'urar awonka ka gwada kwalbar da hannunka, ka gaya musu."

Ya so ya zille, ya ce ai abin a fili yake, amma idanu sun yi masa yawa. Ya ɗauko na'urar daga mota ya haɗa. Kala uku ake aunawa, ja da kore da shuɗi, kuma sau uku allurar ta tafi can ɓangaren lafiya ta tsaya. Wani tsoho da ke leƙe ta kafaɗarsa yana faɗa wa na baya da ƙarfi duk inda ta tsaya. Zenon ya sake aunawa. Sannan ya naɗe wayoyinsa a hankali, kunnuwansa sun yi ja, ya ce kwalba dai ba ta da laifi, ya shige mota.

Leokadia ba ta bi shi da ko kallo ba. Ta sunkuya da tabaranta, ta gano inda dalma ta tsage a ƙafar wani ɗan ƙarfe saboda zafi da tsufa, ta ɗiga sabuwa. Hoto ya dawo ya cika gilashi. Teofil ya ce to an gama, a mayar da talabijin gida, ai ta yi nasara. Ta ce sittin ta rubuta, saura sha tara.

Washegari da safe wata mata da ba ta sani ba ta turo talabijin a cikin keken jarirai, an lulluɓe ta da bargo. Daga sababbin benaye na bayan layin dogo ta fito. Ta ce tun watan Mayu talabijin ɗin take ajiye, an gaya musu gem ya cinye kwalbar, ba su da halin sayen wata. Leokadia ta miƙa wa Teofil hannun gem, ta buɗe bayan. Wani ɗan abu ne da bai kai ƙwayar wake ba ya ƙone. Ta canza shi, ta kunna, sai ga mai karanta labarai tangaram, har launin rigarsa.

Matar ba ta yi murna ba. Ta nemi kujera ta zauna, tana kallon hoton. Ta ce ɗanta ya tara kuɗin gem ɗin ne da tsintar kwalaben lemo, shekara guda. Ranar da aka ce gem ɗin ne ya kashe talabijin, ta mari yaron a gaban abokansa, ta jefa akwatin a shara. Ya yi ta rantsuwa ba shi ba ne, ta ce ya rufe mata baki.

"Wata biyar ke nan, Pani. In na shigo ɗaki sai ya fita."

Leokadia ba ta iya lallashi ba, ba ta kuma gwada ba. Ta ɗauki ɗan abin da ya ƙone, ta naɗe shi a takarda, ta danƙa mata a tafin hannu.

"Kai masa wannan, ki ce ga mai laifin. Sauran maganar ke kika san ta."

Matar ta tambaya ƙarfe nawa ake tashi daga makaranta, ko da yake ta sani. Ta ce a ajiye mata talabijin ɗin, za ta dawo ɗauka. Ta fita ta bar keken a bakin ƙofa, hannunta a dunƙule, ta nufi hanyar makaranta tun ƙarfe goma bai yi ba.