Sandar fatsar da Baba ya sayo a kasuwar sari

Shekaru da yawa ke nan, amma har yau ina iya faɗin lokacin da shirina ya fara rushewa: ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar, a masaukin mahaifina da ke unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou, a watan da China ke karɓar wasannin Olamfik.

Na gama digirina na harhaɗa magunguna a Guangzhou ke nan. Mahaifina ɗan kasuwa ne, yana sarin tufafi yana kaiwa Kano, kuma ya zo da niyyar mu koma gida tare. Abin da bai sani ba, makarantar ta ba ni gurbin ci gaba da karatu, tana jiran amsata. Ina so in zauna, amma ban san ta inda zan fara faɗa masa ba. Ni mutum ce da in za ta yi magana mai nauyi sai ta kwana uku tana jera kalmomin a ranta, in lokacin ya zo kuma ta ce "ba komai." Ga shi a shekarar an tsaurara biza saboda wasannin, an ce masa ba za a ƙara masa ko kwana ɗaya ba.

Ɗakinsa kuwa kasuwa ce. Kwalaye har rufi, waya ba ta hutawa, wannan ya shigo da samfurin shadda, wancan ya zo shan shayi. Sai na tuna yadda yake yawan ba mu labarin kamun kifi a kogin garinsu yana yaro. Wata ƙawata 'yar China ta gaya mini akwai wani tafki a bayan gari da ake biya a shiga a yi fatsa, ana kiwon wani kifi mai faɗin baki da Turawa ke kira bas, kamar ƙaramin giwan ruwa. Na ce to, a can zan same shi shi kaɗai.

Na yi abin da na iya, wato karatu. Na zauna a laburare na karance duk abin da ɗan koyo ke bukata. Sanda matsakaiciya, ba mai tauri sosai ba. Abin naɗe zare irin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, domin shi ne ba ya wahalar da sabon hannu. Zare mai ɗan kauri, ƙugiyoyi kaɗan, da ƙunshin tana ta roba. Duk abin da na karanta ya yi gargaɗi a kan abu guda: kada ɗan koyo ya taɓa irin abin naɗin da ke zaune a saman sanda, komai kyansa, don zarensa cukurkuɗewa yake yi. Na samu duka a wani ƙaramin shago kusa da makarantarmu, a farashin da aljihun ɗaliba zai iya ɗauka.

Da na kawo maganar, Baba ya ji daɗi har ya ajiye wayarsa. Sai ya tambaya, "Uwata, a ina kika ga kayan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce a shagon unguwarmu.

Amininsa, wani Alhaji mutumin Maraɗi da ke zaune a kan kwali yana shan shayi, ya kusa ƙwarewa. "Shagon ɗai-ɗai? Ɗiyata, a garin da ake ƙera abin? Alhaji, in aka ji a Kano ka zo Guangzhou ka sayi abu guda a shagon unguwa, ai ka gama ɗaga kai a kasuwa."

Baba ya yi dariya ya ce, "Gaskiyarka." Na duba agogo, ban san dalili ba. Goma da kwata.

Haka muka ɗunguma kasuwar sari. Kowane shago da talabijin a kunne, masu shago sun ba mu baya suna kallon masu ninkaya. Duk inda muka ce guda ɗaya muke so, sai a kaɗa hannu a ce "meyo," wato babu. Alhajin Maraɗi ya ce mu bar masa. A shago na gaba ya shiga da faɗin kafaɗa, ya ce, "Lawban, samfur!" Lawban shi ne maigida a yarensu. Ya sa ni fassara cewa akwai masunta da yawa a ƙasarsu, in kaya sun yi kyau za a yi maganar kwantena. Wannan ita ce dabararsu: ba a sayar wa ɗan sari guda ɗaya, amma ana ba shi samfur.

Mai shagon da ya ji kwantena ya kashe sautin talabijin. Ya wuce kayan arha, ya ɗauko mana wanda ya fi kowanne ƙyalli. Abin naɗin yana zaune daram a saman sandar.

Na gane shi nan take. Na buɗe baki, na ga manya biyu suna juya shi suna yaba ƙarfen, sai na rufe. Baba ya dage sai ya biya kuɗin samfurin, ya ce ba zai karɓi kyauta a kan cinikin da bai tabbata ba. Ko da haka bai kai rabin abin da zan kashe ba, kuma Alhajin Maraɗi bai bar ni na manta da hakan ba har muka koma masauki.

Washegari muka shiga tasi mu biyu. Tafkin shiru, ga zafi mai ɗanshi, tsofaffi zaune ƙarƙashin laima kowa ya zuba wa ruwa ido. Na fito da tanar roba, Baba ya ɗaga guda ya shinshina.

"Yanzu kifin China ma jabu yake ci?"

Ya yi bismillah ya wurga. Ƙugiyar ta faɗi gaban ƙafarmu, abin naɗin kuwa ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, zare ya tashi ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Wani tsoho a gefe ya leƙo, ya girgiza kai, ya koma kallon ruwansa.

Na ce mu yanke. Baba ya ce zaren da aka biya kuɗinsa ba a yanke shi haka kawai. Muka zauna a kan dakali, shi yana riƙe da sandar, ni ina zaro madaukai da tsinken hijabina, don ya baro tabaraunsa a masauki. Muka yi azahar, muka dawo kan zaren.

A nan na faɗa masa. Kaina a sunkuye, idona a kan ƙulli, shi ma nasa a can. Ban faɗi ko ɗaya daga cikin jerarrun kalmomina ba. Na ce, "Baba, sun ba ni gurbi. Shekara uku ne. Ina so in zauna."

Hannunsa ya tsaya. Can ya ce, "Ja wancan, na hagu." Na ja.

Da zaren ya ƙi, ya kwance abin naɗin gaba ɗaya ya jefa a leda. Ya ɗaura guntun zare a bakin sandar, ya tona gindin wata bishiya da tsinke ya samo tana ta gaske. Kafin la'asar ya kama bas guda, bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Ya riƙe shi yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa a Kano ba. A bakin ƙofa mai tafkin ya ɗora kifin a sikeli ya faɗi kuɗi, don haka tsarin wurin yake. Baba ya kalle ni. "In kama da hannuna, kuma in saya? Lallai mutanen nan sun fi mu iya kasuwa."

A tasi ya yi ta labarin kogin garinsu. Maganata bai taɓo ta ba, ranar ko washegari.

Yanzu in wani ya tambaye ni kayan fatsar da zai fara da su, abin da na karanta a laburare nake faɗa masa, don daidai ne: ka sayi mai sauƙi, mai arha, a wurin wanda zai sayar maka da guda ɗaya. Amma ina yawan tunanin da mun sayi nawa, da zaren ya tafi sumul, da mun wuni muna wurgawa, kowa a tsaye yana kallon gabansa. Ban tabbata da na iya buɗe baki ba. Ni dai ban taɓa iya faɗin magana mai nauyi ina kallon idon mutum ba, sai hannuna yana wani aiki. Har yau 'ya'yana sun san in na ce su zo mu tsince shinkafa, akwai magana.

Ranar tafiyarsa, bayan la'asar, ana loda jakunkunansa a mota a ƙofar masauki. Tikitina yana aljihunsa, ban san ko zai miƙo mini ba, na kuma haɗa kayana a makaranta ko da zai ce in ɗauko. Na tsaya gefe ina kallonsa yana danna waya, na ɗauka wani abokin ciniki yake nema. Ya kara a kunne, ya saurara, sannan ya juyo.

"Uwata, ni na yarda, ki zauna ki yi karatunki. Amma mahaifiyarki ta gyara miki ɗaki tun watan jiya, kuma ba ni zan kai mata wannan labarin ba." Ya miƙo mini wayar. "Ungo. Ta ɗauka."