Malam Sada ya tafi, saura kwana shida Rabi ta tsaya gaban kwamiti

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina aji a Kusada, alli a hannuna, aka kira ni aka ce Malam Sada na Rimaye ya rasu. Na ce wane Sada? Wai ni ne mai tambayar wane Sada. Na fita na zauna a gindin bedi, na kasa komawa ajin.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sada ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin kwamitocin majalisar tarayya masu sa ido kan harkar soja. Ba ɗan majalisa ba ne. Yana cikin masu zama a layin baya da tulin takardu a cinya. In kasafin soja ya zo, shi zai bi shi layi-layi da rula, ya rubuta tambaya a 'yar takarda ya miƙa wa onarabul: takalman da aka ware wa kuɗi bara, sun kai ƙafar yaran? Onarabul ya karanta, kyamara ta ɗauke shi. Mu 'yan gida da gwiwar hannunsa muke gane shi a talabijin.

Lokacin ɗaukar kuratan soja kuwa, ƙofar gidansa cika take da iyaye masu neman alfarma. Amsarsa ɗaya ce: "Ni ba ni da gurbi. In ma akwai mai sayarwa, aikina in tona shi." Amma zai zauna a tabarma ya duba takardun ɗanka ɗaya bayan ɗaya, ya nuna maka inda shekarun haihuwa suka saɓa. Wasu sun yi fushi da shi har yau.

Ni ta dalilin ƙanena Nura na san shi.

Nura soja ne, ya rasu a bakin daga shekara uku da suka wuce. Ya bar matarsa Rabi da yara biyu. A fom ɗin shiga soja akwai layin magaji, wato wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Nura yana saurayi ya rubuta sunan babanmu. Bayan ya yi aure an ba su dama su sabunta. Abokinsa ya gaya mana Nura ya riƙe biro ya daɗe, sannan ya mayar da fom ɗin yadda yake. Kunya. Ta yaya zai ja layi a kan sunan mahaifinsa, yana raye, ya rubuta na mace?

Babanmu ya riga Nura rasuwa da shekara guda. Sai ga takarda tana nuna mamaci ne magajin mamaci.

Ba wanda ya zalunce mu, abin da ke rubuce aka bi. Amma Rabi ta bar bariki ta koma gidan iyayenta a Kaikai, haƙƙin mijinta ya maƙale, ni kuma na gaji da yawon kawo wannan takarda, kawo waccan.

Ranar da na fara zuwa wurin Malam Sada, zabbi biyu na ɗaure na kai masa, don a lissafina duk mutanen Abuja haka suke. Ya dubi zabbin, ya dube ni, ya ce, "Ticha, marayun sun ci nama watan ga?" Ya ce to in kai masu, in dawo da fayil. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da ya karanta fayil ɗin ya ce, "Ba Nura kaɗai ba ne. Yaranmu duk haka suke, daga Kunduru har Kusada. Ba za ka hana su kunya ba. Fom ɗin za a gyara."

Abin da yake so kwamiti ya nema ƙarami ne a ido: a ƙara layi na mata da na 'ya'ya a ƙasan na uba, don kada a tilasta wa kowa ya soke sunan mahaifinsa. Shekara biyu yana bin wannan layi ɗaya.

Sau biyu na je Abuja. Duk biyun a falonsa na kwana, shi ya tsaya cikin rana a bakin get ɗin majalisa har aka bar ni na shiga. Da ya ga rigata ta yamutse, tasa ya ciro ya ba ni, ta yi mini yawa, yana ta yi mini dariya wai na zama sanata.

A ƙarshe ya samu aka sa koken Rabi cikin waɗanda kwamiti zai saurara ranar Talata mai zuwa. Ita da bakinta za ta yi bayani.

Asabar ɗin da ta wuce ce ganina na ƙarshe da shi. Ruwa ya ɓata hanya, ya bar mota a Kankia ya hau acaba har Kaikai don ya koya wa Rabi yadda zaman yake. Ya kife turmi ya zauna a kai, ya ce shi ne ciyaman ɗin kwamiti.

"Baiwar Allah, mi sunan mijinki?"

Rabi ta ce, "Baban Ummi."

"Kwamiti bai san Baban Ummi ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kun san dai matanmu na ƙauye, ba sa kama sunan miji. Sau uku yana tambaya, sunan ya ƙi fita. Ya yi dariya, can kuma ya daina. Ya ce, "Shi ya kasa rubuta naki, ke kin kasa hwaɗin nashi. Ba komi, ɗiyata. Ranar ina bayanki. In ya ƙi hita, ni zan hwaɗa."

Da zai tashi na ga ya dafe ƙirji, gumi na zuba. Na tambaye shi, ya ce furar gidan ce ta yi masa yawa. Na yarda, don na so in yarda. Wannan abin zai daɗe yana cina.

Ɗazu bayan azahar muka sa shi a makwancinsa a Rimaye. Babu jiniya, babu manyan motoci. Amma na ga tsofaffin sojoji a sahu, wani da sanda, yana kuka ba ya ɓoyewa.

Daga can na wuce Kaikai, don Rabi ba ta ji ba. Na same ta tana sussuka. Da na faɗa mata ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yaya, an ɗage zaman?"

Na ce ban sani ba. Ban ma san wanda zai shigar da mu get ba yanzu. Na ce in mun samu shiga kada ta damu, ni zan faɗi sunan.

Ta girgiza kai. "Ni aka kira."

Ta kalli ƙasa, ta ce, "Sunan mijina Nura."

Shekara tara da aurensu, yau na fara jin sunan ƙanena a bakinta. Wanda ya fi kowa cancantar ya ji kuma mun baro shi a Rimaye.

Ranar Litinin za mu hau mota, in Allah ya yarda.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sada. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka tsaya wa iyalinsa yadda ya tsaya wa marayun da ba nasa ba. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ka tsaya ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka haɗa da Nura. Ranar Talata kuma ku sa Rabi a addu'a, Allah ya buɗe mata ƙofa, ya ba muryarta ƙarfi.