Rigar Baba Ta Tafi Takanamat

Har yau in na tuna yadda rigar sojan Baba ta bar gidanmu, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Baba tsohon soja ne, ya yi aikinsa can arewa, ya dawo Tawa da galo biyu, wato igiyoyin muƙami, a kafaɗa da ciwon gwiwa. Abin da ya rage masa na aikin shi ne rigar kaki guda, tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Inna, ba ta fitowa sai ranar da za a ɗaga tuta. Mu ƴaƴansa ko hannu ba mu isa mu sa mata ba. Ni da nake babba, har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, ban taɓa gugarta ba, wai zan ƙone masa galo.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ƙanensa, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, shi ya tsaya kan komai. Ranar sadakar uku ya sa aka fito da tufafin mamaci a rabar, kamar yadda aka saba. Inna tana ɗaki tana takaba, mata sun cika mata kai da gaisuwa, aka ce ta miƙo makulli, ta miƙo. Ni ina madafa ina fama da tukwane. Babu wanda ya tambaye mu.

Sai bayan watanni, Inna ta fita takaba, wani abokin aikin Baba ya zo gaishe ta. Tsohon sarjan ne mai sanda, ba ya ji da kunne guda. Ya ce ranar bikin ƙasa tsofaffin soji za su taru a gidansu na ƙungiya, kuma iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kowa zai kawo wani abu na mamacinsa a ɗora bisa tebur, a kira sunansa. Inna ta yi murmushin da rabona da shi tun Baba na kwance. Yana fita ta jawo akwati ta buɗe. Babu riga, sai ƙamshin kafur da tsofaffin takardu.

Na je na iske Baba Ƙarami a ƙofar gidansa yana shan shayi.

"Baba, ina rigar kaki?"

"Na bayas. Lada na nema wa ɗan'uwana, ko laihi ne?"

"Duk rigunan da ke gidan, shadda da yadi, sai ita?"

"Ke ɗiyata, riga riga ce. Wanda ya gina kabarinshi na ba. Kin ko ga yadda mutumin nan ya sha rana?"

Kai jama'a! Na ce to a karɓo ta. Ya aje kofi ya dube ni kamar na ce a tone kabarin. Wai a ina na taɓa jin an bi sadaka an amso? Mutumin ma ɗan cin rani ne, tuni ya koma ƙauyensu wajen Takanamat. Da ba ƙanen ubana ba ne, ranar da ya ji magana. Na haɗiye, na ce masa a huta lafiya, haƙorana a cije.

Inna ba ta yi faɗa ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Ta dai ce ba za ta taron ba.

"In tahi hannu sake? In an kira sunanshi, matan mutane na miƙa hula da lambobi, ni in miƙa mi? A ce shekarun da ya yi duka bai bar komi ba?"

Kwana biyu tuwonta yana komawa yadda aka kawo shi. Rana ta uku na sayi shadda sabuwa, ɗinkakkiya har da hula, na je tasha na shiga motar Takanamat. An cusa ni tsakanin buhun gero da wata tsohuwa mai kaji, kajin suna ta caccakar mini mayafi har muka sauka.

Neman mutumin bai yi wuya ba. Ina cewa mai rigar soja, sai kowa ya nuna mini hanya yana dariya. Ashe tun da ya dawo, mutanen garin sara masa suke yi in ya wuce. Na iske shi bayan danga yana ɗaurin kara, dattijo siriri, da rigar ubana a jikinsa, galo da komai, ƙasa kuma wando yagagge da takalmin roba. Rigar da ni aka hana ni gugewa!

Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, ya sa aka kawo fura. Na faɗi abin da ke tafe da ni, na ajiye shadda gabansa. Ya shafa ta, ya yaba, ya turo mini abata.

"Malama, ba ni iyawa. Duk sanda na sa rigag ga sai na yi mishi addu'a. In ta koma gidan da ta hito, ladan ya yanke. Kina so in yanke wa mahaihinki lada?"

Na ce to aro, kwana biyu kacal. Ya ce aro ma komawa ce. Na ce mu je wajen liman. Muka je, liman ya saurare mu, ya shafa gemu, ya ce gaskiyar dattijo, amma ni ma da gaskiyata. To, an raba gardama ke nan! Na fito ina huci, na ce a raina duk maza bakinsu ɗaya, daga Tawa har Takanamat.

Ina ɗaura mayafi zan tafi, sai dattijon ya ce, "Riga dai ba ta zuwa ita ɗai. Amma ni ina iya zuwa, tana jikina."

Na ce, "Baba, bisa tebur fa ake ɗorawa. Kai za mu ɗora?"

Ya ce shi dai abin da yake iyawa ke nan. Ba ni da wata dabara, na yarda. Na gaya wa Inna rigar za ta zo, ban gaya mata da mutum ciki ba, don bakina ya kasa.

Ranar taron an kafa rumfa a farfajiya, an shimfiɗa wa dogon tebur tuta. Tsofaffin soji sun jeru, wasu da hular bere, wasu lambobi bisa babbar riga. Da aka yi taken ƙasa, mutanen da aka shigo da su ana riƙe da hannu suka miƙe tsaye cak, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Aka fara kiran suna. Wata ta kawo gorar ruwan mijinta duk ta lotse, ta ce da ita ya shayar da mutum uku a jeji. Wani ya kawo wasiƙar ubansa ya karanta. Ni kuwa idona na kan ƙofa, dattijo shiru. Inna ta taɓa ni ta ce ina rigar, na ce tana hanya.

Ana saura mutum biyu a kai ga Baba, wata motar albasa ta tsaya bakin titi, ya diro daga baya. Ya shigo ta gefen rumfa, ya ba mu baya yana neman inda zai bi. Inna ta yi zumbur ta miƙe, sannan ta koma ta zauna a hankali.

Aka kira sunan Baba. Dattijo ya taka har gaban tebur ya tsaya, ɓawon albasa a kafaɗa, maɓallai a karkace. Aka fara ƙus-ƙus, wasu mata suka rufe baki da mayafi. Tsohon sarjan ya ɗaga murya, da yake ba ya ji, ya ce, "Wanga wane ne?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba Ƙarami da ya jawo komai yana can baya ya sunkuyar da kai yana jan carbi abinsa.

Sai Inna ta tashi, ta je ta tsaya nesa kaɗan da mutumin.

"Malam, ba haka yake sa ta ba. Ɓalle ka sake, daga ƙasa. Na wuya ma a rufe shi. Kakkaɓe kahwaɗa. Yawwa. Ɗaga kai."

Ya yi duk yadda ta ce. Ta juyo ga jama'a ta ce wannan rigar mijinta ce, ɗinkin da ke gwiwar hannu ita ta yi shi shekarar da ya dawo da rauni, kuma wannan bawan Allah shi ya gina masa makwanci. Dattijo ya ɗaga hannu ya fara addu'a, rumfa duka ta amsa da amin.

Bayan an watse na ce mata yanzu ne lokacin, ta sa baki, gaban sojin nan ba zai iya hana ta ba. Ta ce in bar shi da abinsa. Haba Inna! Duk kajin da suka caccake ni, duk roƙon da na yi? Na yi ta mita tun daga farfajiya har muka kama hanyar gida, tana gaba ina baya, ko waiwaye ba ta yi ba.

Mun kusa ƙofa ta tsaya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kin ga sanda ya shigo ya ba mu baya? Sai na ga kamar babanku ne. Wallahi tashi na yi in ɗebo mishi ruwa."

Na karɓi makulli a hannunta na buɗe mana ƙofa, don ita ta kasa samun ramin kwaɗon.