Tuwon Hajjo Mai Dusa

Duk garin Gangara an san Hajjo da ƙyuyar surfe. Tun tana budurwa, sau biyu take ɗaga taɓarya ta ce gero ya surfu, tuwonta ya fito baƙi ƙirin da dusa.

Da ƙaninta Barmo ya dawo daga sojan Faransi, farar shinkafar bariki ta bar shi da kumburarrun ƙafafu, ko tsayuwa ba ya iyawa. Hajjo ta yi ta ba shi tuwon nan har ya miƙe. Likitan garin Tanut ya ce abin da jikinsa ya rasa yana cikin dusar da ake ba awaki.

Tun daga nan, in mata suka iske ta kwance a inuwa, turmi na jira, sai ta ce, "Ku rage murya, magani nake haɗawa."